Tsakanin "Ya Fi Shi da Uku" da "Ya Ninka Shi Sau Uku"

'Yan uwa malamai da iyalanmu, akwai jimloli biyu da suka yi kama a kunne, alhali tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Ta farko: wa ya fi ƙanensa tumaki da uku. Ta biyu: tumakin wa sun ninka na ƙane sau uku. In ƙane yana da huɗu, a jimlar farko wa yana da bakwai, a ta biyu kuwa goma sha biyu. A ganinmu, yaron da ya gama aji shida bai rarrabe waɗannan biyun ba, bai iya lissafi ba tukuna, ko da ya haddace jadawalin sau daga farko har ƙarshe.

Wanda ke shakka ya gwada a ajinsa. A ce mudu 2 na shinkafa ya ishi mutum 6, mudu nawa zai ishi mutum 9? Za a sami yaran da za su ce 5, domin sun ga mutane sun ƙaru da uku, sai suka ƙara wa mudu uku. Amsar kuwa 3 ce, tun da kowane mudu na mutum uku ne. Irin wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Ya yi shekaru yana tarawa da ɗebewa, har tarawa ta zame masa sandar da yake dogarawa a kowace hanya. Da aka zo kan sau, an ba shi hadda, ba a nuna masa cewa sau hanya ce ta gwada abu da abu ba.

Wannan kuskure ba ya tsayawa a kan allo, yana bin yaro har gona. In takardar maganin feshi ta ce murfi 2 a lita 8 na ruwa, to tanki mai lita 16 murfi 4 yake bukata. Mai tunanin tarawa zai ce ruwa ya ƙaru da takwas, ya zuba murfi 10, ya ƙona shukar da gida ke jira. Haka nan mai sayen fili: fuloti mai ƙafa 100 tsawo da faɗi ya ninka mai ƙafa 50 sau huɗu ne, ba sau biyu ba. Wanda bai san haka ba, a gaban idonsa za a cuce shi.

Abin mamaki, wannan ilimi ba baƙo ba ne a Dogon Daji, ko Tambuwal, ko Kebbe. Manomin da bai taɓa zama a aji ba ya san zakkar abin da ruwan sama ya shayar ɗaya ce cikin goma: mai buhu 40 ya fitar da 4, mai 70 ya fitar da 7, wanda kuma ya yi wahalar ban ruwa ya fitar da rabin haka. Malaman zaure da ke raba gado da rabi da sulusi da sumuni suke aiki. Tun a 1732 wani Bakatsine, Muhammad al-Kashinawi, ya wallafa littafi a kan lissafin hatimi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka ba kawunan 'ya'yanmu ne suka gaza ba. Gada ce ba a gina ba tsakanin lissafin gida da na makaranta.

Mu kanmu ma'aikata da wannan lissafi muke gane halin da muke ciki. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa 70,000. Mai tarawa zai ce an ƙara dubu arba'in, ya yi murna. Mai ninkawa zai ce albashi ya ninka sau biyu da sulusi, sannan ya dubi litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati kafin cire tallafi a watan Mayun 2023, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024, wato ninki biyar. Wane ne a cikinsu zai iya tsayawa gaban hukuma ya yi magana da hujja? Abin da muke koyarwa a aji huɗu, shi ne makamin ɗan ƙasa gobe.

To, ina mafita? Da farko, a soma da Hausa, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaro ya fara furta "ya fi shi da" da "ya ninka shi sau" da bakinsa, ya ji bambancinsu, kafin a kawo masa Turancinsu. Na biyu, a kawo kara aji. A yanka guntu ɗaya, a jera irinsa uku a ƙarƙashinsa, yaro ya ga ninki da idonsa. Sannan a juya tambayar, a ce in dogon 12 ne, gajeren nawa ne? Nan rabawa za ta fito da kanta. Na uku, a zana jadawali mai layi biyu, mudu a sama, mutane a ƙasa, yara su cike shi, suna faɗin dalili. Na huɗu, kafin kowa ya taɓa alƙalami a tambaya: nan tarawa ce ko ninkawa, kuma me ya sa?

Wani zai ce jarrabawa da Turanci ake yin ta. Gaskiya ne. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekarun firamare shida, ya nuna cewa harshen gida bai hana su ƙwarewa a Turanci ba. Wani kuma zai ce aji ya cika. Wannan ma gaskiya ne, kuma kukanmu ne na kullum. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. Ajin da ya kai 105 ya ninka ƙa'ida sau uku. Sai dai kara da mudu ba sa jiran kasafin kuɗi.

A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, a jiharmu kuma shirin Mu Karanta ya nuna cewa in aka ba malami horo da littafin Hausa, koyar da karatu yakan sauya. Lissafi ma ya cancanci irin wannan gata. Muna kira ga shugabannin reshenmu su kai wa hukumomin ilimi na Tambuwal da Kebbe da hukumar SUBEB buƙatar bita ta musamman a kan ninkawa, tare da jagoran malami cikin Hausa. Kafin hakan ta samu, malaman makarantun da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, kowa ya zo da amsoshin yaransa a duba tare.

Iyaye mata kuma, ku ne malaman farko. Ranar da baƙi suka zo aka ninka tuwo, a kira yaro a tambaye shi gari nawa za a auna, a bar shi ya faɗi dalilinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.