KWATSAM: SANDAR MALALACIN MARUBUCI

Akwai wata kalma da ta zame wa marubutanmu sandar dogarawa, wadda in aka ƙwace ta daga hannun wasunmu, labarinsu ko ƙofar gida ba zai kai ba. Kalmar ita ce "kwatsam", tare da ƙannenta "ba zato ba tsammani" da "ana cikin haka". Mai karatu ya ɗauko littattafan soyayya goma daga cikin waɗanda suka cika kasuwa tun shekarun 1990, ko ya buɗe waɗanda yara ke turawa ta waya a yau, ya gane wa idonsa. Saurayi talaka ne, iyayen yarinya sun ƙi shi, labari ya cije. Kwatsam sai mota ta buge shi, mai motar kuwa attajiri ne da bai taɓa haihuwa ba. Kishiya ta addabi gida, marubuci ya rasa yadda zai yi da ita. Kwatsam sai taya ta fashe a hanyar Zariya. Yaro ya ɓace yana ɗan shekara uku. Bayan shekara ashirin ya yi kaciɓis da uwarsa a cikin miliyoyin mutanen Legas, kuma ga tabon bayan kunnensa nan bai goge ba.

In ka yi magana, a ce maka ai haka rayuwa take, ba ta da tabbas. In ka matsa, a ce ƙaddara ce, kai wane ne da za ka ja da ƙaddara? Da waɗannan amsoshi biyu nake jayayya, domin a ganina duk biyun rigar aro ce lalaci ya yafa.

Mu fara da rashin tabbas ɗin. Ba wanda zai koya wa manomin Gobir wannan karatu. Hadari yakan taso daga gabas, ya zubar da ruwa a Gatawa, ya tsallake mu a Unguwar Lalle, ya je ya jiƙa wata gona da mai ita bai ma yi shuka ba. Dattawanmu sun ga farin 1973, sun ga na 1984, sun kuma ga shekarun da gulbi ya haura ya cinye fadama. Amma dubi abin da manomi ke yi da wannan rashin tabbas. Yana da gona a tudu, yana da 'yar wata a fadama, don ya san ruwan da zai kashe ɗaya shi ne zai rayar da ɗayar. Yana haɗa gero da dawa da wake a wuri guda. Wani ya yi bizne kafin ruwan farko, ya san caca yake yi da irinsa, saboda haka ba ya zuba shi duka a ƙasa, sai ya rage na sake shuka. Mutumin nan bai san ranar da ruwa zai sauka ba, amma ya san halin ruwa. Abin da na nema a littattafanmu na rasa ke nan: marubucin da ya san halin sa'a da tsautsayi kamar yadda manomi ya san halin damina.

Masana kimiyya su ma sun iso inda manomi yake, ta tasu hanyar. A 1961 wani masanin yanayi a Amurka, Edward Lorenz, ya sake saka wa kwamfuta wani lissafi da ya riga ya yi, sai ya gajarta lambar, ya rubuta 0.506 a maimakon 0.506127. Ɗan wannan bambanci da bai kai ya kawo ba ya sa hasashen yanayin ya bi wata hanya dabam. Daga aikin da ya wallafa a 1963 aka fahimci dalilin da ya sa hasashen ruwan rana kaza a wuri kaza ba ya wuce kimanin mako biyu, komai girman na'ura. Duk da haka hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina kowace shekara, domin ranar ce ba a sani ba, amma tsarin shekara ana iya auna shi.

Wannan awo yana da ilimi mai zaman kansa, lissafin yiwuwa, wanda muke koyarwa a sakandare, yara na hamma. Tushensa wasiƙun da wasu Faransawa biyu, Faskal da Ferma, suka yi musaya a 1654 a kan yadda za a raba kuɗin caca in wasa ya tsaya ba a gama ba. A 1713 littafin Yakubu Banuli ya fito da hujjar cewa abin da ba a iya hasashensa sau ɗaya, in aka maimaita shi da yawa sai ya daidaita. Jefa ƙwayar lido sau ɗaya, ba malamin da zai gaya maka abin da zai fito. Jefa ta sau 600, shida za ta fito kusan sau 100, ko ka yi mata kirari ko ka zage ta. Ashe ita ma sa'a tana da linzami.

Wani zai ce, to ai arashi yana faruwa, ni kaina na taɓa haɗuwa da ɗan garinmu a Legas. Ban musa ba. Lissafin ma ya nuna arashi ya fi yawa bisa yadda muke zato: a cikin mutum 23 kacal, yiwuwar a sami biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya ta wuce rabi, a aji mai ɗalibi 60 kuwa ta haura 99 cikin 100. (Ban da ajinmu na karkara, inda aka rubuta wa yara da yawa 1 ga Janairu don ba a riƙe ranar ba.) Amma tambayi kanka, a ina ka haɗu da ɗan garin naku? A Agege ne, ko Alaba Rago, ko Mile 12, inda duk ɗan ci-ranin da ya sauka daga mota yake nufa, don can akwai zango, can akwai mai masauki, can ake jin Hausa. Hanya ɗaya ce ta kwaso ku. Marubucin da ya san wannan zai gina hanyar tun daga babin farko, ta yadda in uwa da ɗa suka haɗu, mai karatu zai yi mamaki, sannan ya ce lallai nan ya kamata su haɗu. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da ya raba ɗa da uwa, wato satar mutane da cinikin bayi, shi ne ya jefa su duka biyun a kan hanyar ayari ta Sahara. Dalilin rabuwar da dalilin haɗuwar uwarsu ɗaya. Tun fiye da shekara 2,300 Aristo na Girka ya yi tir da masu wasan kwaikwayon da in labari ya rikice musu sai su sauko da abin bauta daga sama da igiya ya warware. Mu mun maye gurbin igiyar da motar Alhaji.

Abin haushin shi ne, inda sa'a ta gaskiya take yanka mutane, can ne alƙalaminmu ba ya zuwa. Ɗauki ciwon sikila. In miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Na sha jin masu ilimin boko suna cewa, tunda an haifi ɗaya mai ciwon, ukun da ke tafe lafiya lau za su zo. Ba haka ba ne. Ciki ba ya tuna abin da cikin baya ya yi, kowanne sabuwar ƙuri'a ce. In suka haifi huɗu, yiwuwar duk su kuɓuta 81 ce cikin 256, ba ta kai sulusi ba. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da gwajin jini irin wannan. Ga masoya biyu riƙe da takardar asibiti, ga lefe an riga an kai, ga iyaye suna cewa a dogara ga Allah, ga lamba ɗaya cikin huɗu tana kallonsu. Wane hatsarin mota ne ya kai wannan tsayar da numfashi? Amma mu sai mu tsallake shi mu je mu fasa taya.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini zafi. Tun da matsalar 'yan bindiga ta mamaye gabashin Sakkwato, marubuta sun fara saka ta a labari, kuma da tsohuwar sandarsu suka shigo. Amarya na hanyar gidan miji, kwatsam sai 'yan bindiga suka fito daga daji. Kwatsam? Mu da muke zaune tsakanin Sabon Birni da Isa mun san wannan kalma ƙarya ce a nan. A ranar 27 ga Mayun 2020 an kashe mutum 74 a ƙauyukan Sabon Birni, a kan babura masu yawa aka zo, kuma babur da mai yake tafiya, man kuwa wani ya sayar. A Disambar 2021 an ƙone motar matafiya a Gidan Bawa, mutum fiye da 20 suka mutu a cikinta. A Yulin 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu a watan Agusta. Waɗannan ba ruwan sama ba ne. Akwai mai kai rahoto, akwai mai kai abinci, akwai mai karɓar shanun sata, akwai harajin da aka ɗora wa gari kafin a bar shi ya yi noma, akwai kwanar da kowane direba ya san sunanta, akwai ranar kasuwa, akwai lokacin da jami'an tsaro suka janye. Wanda abin zai faɗa wa a cikin fasinja, wannan kam ba a sani ba. Amma cewa zai faru, da inda zai faru, yaron mota ma ya sani.

Duk marubucin da ya rubuta "kwatsam" a kan wannan, ya wanke duk hannayen nan da na lissafa ba tare da sun roƙe shi ba. Ya mayar da aikin mutane tamkar tsawa, ita kuwa tsawa ba a kai ta kotu. Ya kuma koya wa ɗan Kano ko ɗan Kaduna da ke karanta shi cewa mutanen Gobir tsautsayi ne kawai ya hau kansu. Mu kuwa kowace safiya lissafi muke yi irin na manomi: wace rana za a bi hanya, da ƙarfe nawa, a motar wa, a raba 'ya'ya mota biyu ko a haɗa su. Uwar da ke tsaye a tasha tana yanke wannan hukunci ta ishi littafi guda, in da mai rubutawa.

Sai batun ƙaddara. Ni Musulmi ne, na yi imani da ita, mai daɗi da mara daɗi, kuma abin da nake kira sa'a a nan iyakar saninmu ce mu bayi, ba iyakar sanin Ubangiji ba. Amma addinin da muke fakewa da shi bai taɓa hana auna sababi ba. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa bai shiga ba, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma a cikin ƙaddara take. Ƙuri'a kanta addini ya san ta: Alƙur'ani ya ambaci wadda aka jefa a jirgin Annabi Yunusa, da wadda aka yi a kan riƙon Nana Maryamu, kuma Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. An san wurin da ake barin abu ga ƙuri'a don adalci, an san wurin da ake ɗaure raƙumi. Ban da haka ma, 'yan'uwa, mu ji tsoron Allah: a cikin littafinka wa ya fasa tayar nan? Kai ne, da bironka, da daddare, don shafi na 90 ya ƙi ci gaba. Kada ka jingina wa ƙaddara abin da ka kasa tsarawa.

Na san akwai masu karatun adabin Turawa a cikinmu da za su ce ai fasaha kanta tana wasa da sa'a. Gaskiya ne. A 1920 Tiristan Zara, na ƙungiyar Dada, ya ba da shawarar a yayyanka kalmomin jarida, a zuba a jaka, a girgiza, a riƙa zaro su, abin da ya fito shi ne waƙa. To shi aƙalla bai ɓoye jakarsa ba, kuma tawaye yake yi da gangan ga Turan da ta gama yanka 'ya'yanta a yaƙin 1914 zuwa 1918. Namu kuwa jaka ce a ɓoye cikin riga, ana ce mana hikima ce. In misalin fasahar da ke karɓar abin da ya zo nan take ake nema, ba sai an je Turai ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir Ahmadu na Isa, da sauran makaɗan fada irinsa, sukan ga baƙo ya shigo ko an miƙo kyauta, su saka shi cikin waƙa a take. Me ya ba su wannan dama? Gindin waƙa yana nan daram, 'yan amshi sun san inda za su karɓa, kotso bai saki kiɗa ba. Baƙon ɗan waƙa ya sami gidan da zai sauka ne saboda an riga an gina gidan.

Ina roƙon alƙalan gasar ƙungiya da masu duba rubutun sababbin mambobi su ɗauki jan biro, duk inda suka ga "kwatsam" su kewaye ta, su rubuta tambaya ɗaya a gefe: wa ya jawo wannan, kuma a wane shafi aka shuka shi? In marubuci ya nuna shafin, a bar masa kalmarsa. Arashi ɗaya a farkon labari, wanda zai jefa jarumi cikin wahala, ni ma na yafe shi. Amma wanda zai zo a babin ƙarshe ya biya masa sadaki, ya kashe masa kishiya, ya dawo masa da uwa, a mayar wa mai shi da rubutunsa ya je ya sake babin.