Kada Gani Ya Kori Ji

 A duk taron da aka shirya domin yara su nuna abin da suka koya, mutane kashi biyu ne. Akwai wanda ya hau dandamali, akwai kuma mu da muke zaune a ƙasa. An sha yi wa na saman gargaɗi, a ce ya shirya sosai, ya tsaya daidai, kada ya ji tsoro. Amma da wuya a ji wanda ya yi wa na ƙasan magana. Yau da su muke, wato da kanmu muke. Za mu ɗauko misali daga wuri mai nisa, daga gasar kaɗa piyano ta matasa a Turai da Amurka, gama a can an daɗe ana ganin abin da tafin jama'a yake iya yi wa yaro.

Piyano dai kayan kiɗa ne mai maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Idan aka danna maɓalli, wata 'yar guduma ce a ciki take bugun tsirkiya. Nauyin hannun makaɗi shi ke sa sauti ya fito da ƙarfi ko a hankali. Saboda haka mutum biyu za su iya kaɗa kiɗa iri ɗaya a kan piyano ɗaya, amma mai kunne ya ji bambanci.

Ɗaya daga cikin manyan gasannin wannan kiɗa ita ce wadda ake yi a Warso, babban birnin ƙasar Polan. An fara ta a 1927 domin tunawa da Frédéric Chopin, ɗan ƙasar, wanda aka haifa a 1810, ya rasu a 1849. Akan yi ta kamar sau ɗaya a shekara biyar, kuma ba a kaɗa kiɗan kowa sai nasa. A gasannin baya-bayan nan matasa wajen 80 ne suke farawa, a yi ta rage su rabi-rabi har a kai kimanin 10. Waɗannan su ne za su kaɗa tare da babbar ƙungiyar makaɗa a zagayen ƙarshe. Da ka suke kaɗawa, babu takarda a gabansu. Yawancinsu tun suna ƙanana ƙwarai suka soma koyo, sa'an nan a cikin 'yan mintoci za a auna aikin shekara goma sha biyar ko fiye.

To, ku lura da wani abu. Tun da yake duka kiɗan mutum ɗaya suke kaɗawa, mai sauraro yakan ji abu ɗaya sau da yawa a cikin makonnin gasar. Idan kunne ya gaji, sai ido ya karɓi aikin. Sai a fara neman wanda ya fita dabam a tufafi, ko a tafiya, ko a yadda yake kaɗa kai. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kasuwa da gaban shari'a wannan magana gaskiya ce, amma a zauren kiɗa haɗari ce.

A gasar 1980 an ga haka a fili. Akwai wani saurayi daga Yugoslabiya, ƙasar da ta wargaje daga baya, mai suna Ivo Pogorelić, ɗan shekara 21. Bai sa irin tufafin da aka saba gani a wurin ba, bai kuma kaɗa yadda aka saba ji ba. Inda wasu suke sauri shi sai ya ja, inda suke sassauta hannu wani lokaci sai ya ƙara ƙarfi. Jama'ar Warso, musamman matasa, suka ƙaunace shi. Alƙalan gasa kuwa suka rabu. Ɗaya daga cikinsu, Louis Kentner, ya ajiye aikin tun da wuri domin bai yarda a bar saurayin ya wuce zagayen farko ba. Da aka fitar da shi a zagaye na uku, sai wata alƙaliya, Martha Argerich ta ƙasar Ajantina, wadda ita ce ta ci gasar a 1965, ta ajiye nata aikin, tana cewa an zubar da mai baiwa ta musamman. Labari ya bazu ko'ina a duniya. Kafin shekara ta zagayo, wanda aka fitar ya sami yarjejeniya da babban kamfanin faifai na Deutsche Grammophon, ya kuma kaɗa a zauren Carnegie Hall na birnin New York a 1981.

Ba mu ga laifin Pogorelić ba. Gwani ne, kuma har yau ana sauraron faifansa. Tambayarmu ita ce, a cikin wannan hayaniya, wa ya ci gasar?

Sunansa Dang Thai Son, daga ƙasar Biyetnam, ɗan shekara 22. Shi ne mutumin Asiya na farko da ya ci wannan gasa. An haife shi a birnin Hanoi a 1958, ya tashi a lokacin yaƙi. Da jiragen Amurka suka matsa wa birnin da bama-bamai, aka kwashe makarantar kiɗa zuwa ƙauye, aka yi ta jigilar piyano a keken da bauna take ja. A can ya soma koyo a hannun mahaifiyarsa, wadda malamar piyano ce, kafin daga baya ya tafi karatu Mosko. Da ya iso Warso kusan babu wanda ya san shi, kuma bai taɓa kaɗawa tare da babbar ƙungiyar makaɗa ba sai a zagayen ƙarshe na gasar. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma jaridun ƙasashen yamma suka fi cika shafinsu da labarin wanda aka fitar, har nasarar wannan saurayi mai kunya ta zama kamar ƙaramin labari.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Dang Thai Son ya ci gaba da kiɗansa da koyarwa, daga baya ya koma da zama ƙasar Kanada. A 2021 ɗalibinsa Bruce Liu ya ci gasar Warso. A 2025 kuma Eric Lu na Amurka, wanda shi ma ya yi karatu a hannunsa, ya ci. Shi kansa Eric Lu na huɗu ya zo a 2015 yana ɗan shekara 17, ya koma ya ƙara shiri na shekara goma. Da a ce ƙarar tafi da yawan surutu su ne ma'auni, da an ce 1980 shekarar mutum ɗaya ce. Alhali kuwa matasa biyu ne suka cancanci a saurare su, jama'a suka fi ba ɗaya kunne.

Kada wani ya ce wannan rauni na jahilai ne kawai. A 2013 wata mai bincike, Chia-Jung Tsay, wadda ita ma makaɗiyar piyano ce, ta buga sakamakon wani gwaji da ta yi. Ta ɗauko gajerun hotunan bidiyo na mutum uku-uku da suka kai ƙarshe a wasu gasannin kiɗa, ta ce wa mutane su faɗi wanda ya ci. Wasu ta ba su sauti kaɗai, wasu hoto kaɗai babu sauti. Waɗanda suka kalli hoto babu sauti su ne suka fi dacewa da wanda alƙalai suka zaɓa, kuma har da ƙwararrun makaɗa a cikin waɗanda aka gwada. Wannan ya nuna mana ido yana shiga hukuncin kowa, na ƙasa da na kan kujerar alƙalanci, ko da mutum yana tsammani da kunne yake aiki.

To, ko maganin shi ne jama'a su naɗe hannu su bar wa alƙalai komai? A'a. Alƙalai ma 'yan adam ne. A gasar 2015, da aka bayyana makin da kowane alƙali ya bayar, an ga ɗaya daga cikinsu ya ba Seong-Jin Cho na Koriya ta Kudu maki 1 cikin 10 a zagayen ƙarshe, alhali shi ne ya ci gasar. Akwai kuma ranar da jama'a suka taimaki alƙalai suka yi gaskiya.

Wannan ya faru a Mosko a 1958, a gasar Tchaikovsky ta farko. A lokacin Tarayyar Sobiyet da Amurka suna zaman doya da manja, kuma 'yan watanni ne da Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam na farko. An shirya gasar ne da sa ran ɗan gida zai ci. Sai ga wani dogon saurayi daga jihar Texas ta Amurka, Van Cliburn, ɗan shekara 23, ya kaɗa kiɗan Tchaikovsky da na Rachmaninoff, wato kiɗan Rashawa da kansu. Mutanen Mosko suka miƙe tsaye suna tafi har wajen minti takwas. An ba da labari cewa sai da aka nemi izinin shugaban ƙasar, Nikita Khrushchev, kafin a ba baƙon lambar farko. Shi kuwa ya tambaya ko shi ne ya fi kowa, aka ce i, ya ce a ba shi. Waɗannan mutane suna da kowane dalili na ƙin ɗan ƙasar abokan gaba. Amma suka ajiye tuta, suka saurara, suka yabi abin da suka ji. Yabon gwani ya zama dole, ko daga ina ya fito.

Saboda haka ba tafi muke suka ba. Abin da muke tambaya shi ne, me ya sa muka tafa? Akwai tafin da ake yi wa ɗan garinmu domin namu ne. Akwai wanda ake yi wa kyan fuska da tufafi. Akwai wanda ake yi domin an ji na kusa yana yi. Akwai kuma tafin tausayi, wanda yake kama da alheri amma yana iya rage wa mutum daraja. A 2009, a gasar da ake yi da sunan Cliburn a garin Fort Worth na Amurka, wani makaho daga Japan, Nobuyuki Tsujii, ɗan shekara 20, ya raba lambar zinariya da Zhang Haochen na ƙasar Sin. Tsujii da kunne yake koyon kiɗansa. Akan ɗauko masa sautin hannun dama dabam, na hagu dabam, ya haddace, ya haɗa. Wanda ya tafa masa domin makanta kawai bai ga girman wannan aiki ba. Da kiɗansa ya shiga gasar, kuma kiɗansa ya kamata a girmama.

A ganinmu, mai sauraro yana da haƙƙi uku a wuyansa game da yaron da yake gabansa.

Na farko shi ne shiru. A irin wannan kiɗa, wurin da sauti ya yi ƙasa ƙwarai yakan fi wuyar kaɗawa, kuma tari ɗaya ko raɗa ko ƙarar waya na iya yanke wa yaro tunani. Kiɗa ɗaya yakan kasu kashi uku ko huɗu, shi ya sa aka saba a jira har ƙarshe kafin a tafa. Shirun nan shi ne kyauta ta farko da muke ba makaɗi.

Na biyu shi ne adalci. Mu ba na ƙarshe kunnen da muka ba na farko, mu ba mai kunya irin wanda muka ba mai rawar kai. Wanda yake so ya gwada kansa, bari ya rufe idonsa na minti ɗaya ya ji ko ra'ayinsa zai tsaya yadda yake.

Na uku shi ne jinƙai ga wanda ya yi tuntuɓe. A cikin 80, mutum ɗaya ne yake ci. Sauran 79 za su koma gida, wasunsu da kuskuren da suka yi a gaban duniya, gama a yanzu ana watsa gasar kai tsaye ta intanet. Yadda aka sallame su daga dandamali yana iya sa su koma kan kayan kiɗansu washegari, ko kuwa su rufe shi ke nan.

'Yan'uwa, ba sai mun je Warso ko Mosko ba kafin wannan magana ta shafe mu. Mun san abin da yakan faru idan ɗan aji ɗaya ya tsaya a gaban makaranta, muryarsa ta yi rawa, ko layinsa ya ɓace masa. Mun san dariyar da takan taso daga kujerun baya, mun kuma san ihun da akan yi wa wanda ya yi suna tun bai buɗe baki ba. Mai dariyar zai manta kafin a buga ƙararrawar cin abinci. Yaron kuwa yana iya riƙe ta shekara da shekaru, har ya ƙi sake tsayawa a gaban mutane.

Bari mu koyi abin kirki daga mutanen Mosko, waɗanda suka yabi baƙo domin ya cancanta. Bari kuma mu tuna da saurayin nan na Hanoi wanda ya ci gasa a lokacin da hankalin jama'a yake wani wuri. Idan aka sake kiran taro, mu shiga a natse, mu saurara har ƙarshe, mu tafa wa aikin da muka ji. Idan wani ya faɗi, mu jira shi ya tashi ya ƙarasa, sa'an nan mu tafa masa shi ma. Wata rana mu ne za mu hau dandamalin, mu kuma nemi irin wannan kunne a wurin waɗanda suke zaune a ƙasa.