A Kai Yaro Rumfar Zaɓe Ya Gani, Amma Kada Ya Dangwala

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato, akwai wata gardama da takan tashi a zaurukan mutanen Arewa mazauna Kudu, tun daga Agege da Idi Araba da Mile 12 a Ikko, har zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, da unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal. Gardamar kuwa ita ce yadda za a yi da yara ranar zaɓe. Waɗansu sukan ce a kwashe su tun da sauran mako biyu a mai da su gida. Waɗansu sukan ce a kulle su a ɗaki tare da iyayensu mata har ƙura ta lafa. Waɗansu kuma, ko da yake ba su da yawa, sukan kama hannun 'ya'yansu su tafi da su rumfar zaɓe. To, waɗannan na ƙarshe su ne suka fi kusa da daidai, muddin dai an kiyaye sharaɗi biyu, wato yaro ya je kallo kurum, kuma uba ya san irin wurin da zai kai shi da lokacin da zai komo da shi.

Sanin kowa ne cewa yaro ba shi da ƙuri'a. A zamanin Jamhuriya ta Farko sai mutum ya cika shekara 21 yake zaɓe. Tsarin mulkin 1979 ya rage ta zuwa 18, kuma tsarin mulkin 1999, a sashe na 77, ya bar ta haka nan. Wannan ba abin musu ba ne. Amma hana yaro ƙuri'a daban, hana shi ganin yadda ake jefa ta kuma daban.

Dalilin da ya sa ya kamata yaro ya gani yana cikin alƙaluman zaɓen da aka yi a ƙasar nan. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan mutum 69 cikin kowane 100 da suka yi rajista sun fito. A 2015 an sauko zuwa wajen 44, a 2019 zuwa wajen 35, a 2023 kuwa zuwa wajen 27, wanda shi ne mafi ƙanƙanta tun daga 1999. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista a wannan shekara, amma waɗanda suka fito ba su wuce miliyan 25 ba. A Jihar Ikko, wadda ta fi kowace jiha yawan masu rajista, mutum miliyan 7 ne ke cikin littafi, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Dalilan wannan ja da baya suna da yawa, har da fid da rai da jama'a suka yi daga alkawuran 'yan siyasa. Amma ɗaya daga ciki shi ne samari da yawa sukan cika shekara 18 ba su taɓa ganin wani nasu ya bi layin zaɓe ba.

Bahaushe dai ya san yadda ake koya wa yaro abu. Ɗan mai goro ba a makaranta yake koyon bambance daushe da sabon goro ba, a gindin huhun ubansa yake koyo. Ɗan mahauci da ɗan dillalin shanu haka suke tashi. Yaro yakan fara bin ubansa masallacin Juma'a tun kafin salla ta wajaba a kansa, don in ya girma kada hanyar ta zame masa baƙuwa. Zaɓe ma haka yake. Yaron da ya ga ubansa ya nemi sunansa a jikin bango, ya bi layi cikin haƙuri, ya miƙa kati an tantance shi, ya shiga ya dangwala, ya fito da tawada a farce, ya koyi abin da littafin makaranta ba zai koya masa ba, domin gani ya kori ji.

Wannan magana ta fi nauyi ga mazauna Kudu bisa ga waɗanda ke gida. An kafa Sabo ta Badun tun 1916, yau shekara ɗari da ɗoriya ke nan. Akwai gidaje a can da a Agege waɗanda aka haifi kaka a ciki, aka haifi uba, aka haifi jika. Yaran nan Yarbanci suke yi kamar Hausa, a nan suke makaranta, kuma galibinsu a nan za su yi sana'a su yi aure. Kansilan da zai sa hannu kan rumfar kasuwa, da shugaban ƙaramar hukumar da zai gyara kwata ko ya ƙi, da gwamnan da zai yanke hukunci kan sana'ar talaka, duka na nan ne. Da gwamnatin Ikko ta hana haya da babur a manyan ƙananan hukumomi a 2020, ta kuma ƙara tsanantawa a 2022, dubban samarin Arewa abin ya taɓa, alhali kuwa da yawansu katinsu na Katsina ne ko na Jigawa ko na Borno. Wanda ba shi da ƙuri'a a gari, da wuya a saurari kukansa a garin. Doka kuwa ta yarda mutum ya yi rajista inda yake zaune ko inda yake aiki, ta kuma yarda ya nemi a komo masa da rajistarsa daga can zuwa nan.

Ba kuwa yau mutumin Arewa ya fara shiga siyasar Kudu ba. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato mai fataucin shanu, ya shiga jam'iyyar NCNC a Inugu, har aka zaɓe shi ya zama magajin garin Inugu na farko. Ya kamata yaran da aka haifa a Kudu su san wannan labari, su kuma ga iyayensu a layin zaɓe tare da maƙwabtansu Yarbawa da Ibo, don su san cewa su ma 'yan ƙasa ne a inda suke.

Masu kwashe iyali zuwa gida duk zaɓe suna da nasu uzurin, domin tsoro ba ƙarya ba ne. Amma a dubi hasarar da ke ciki. A 2015 an ɗaga zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, mako shida cur. A 2019 kuma cikin daren 16 ga Fabrairu, ana sauran 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, aka ɗaga shi zuwa 23 ga wata. Waɗanda suka rufe shago, suka biya kuɗin mota mai tsada, suka cire yara daga makaranta, sai suka rasa tudun dafawa, ga kuɗin guzuri ya ƙare, ga karatun yara ya tsaya. Bayan wannan kuma akwai hasarar da ba a ƙirga ta da kuɗi, wato yaro ya tashi da tunanin cewa zaɓe wata annoba ce da ake gudu, kuma shi baƙo ne a garin da aka yanke masa cibiya.

Sai batun iyaye mata, wanda shi ne ya fi zama abin takaici. Sau da yawa yara ake fakewa da su a hana mace fita. Maigida ya tafi tun da safe, ya ce wa matarsa ta zauna ta kula da yara, shi ke nan ƙuri'arta ta faɗi. Alhali kuwa wannan ƙuri'a da wahala aka samo ta. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma matan Arewa ba a yarda musu ba, sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta sha duka da ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a kan wannan fafutika, kuma Malam Aminu Kano ya tsaya a kanta tun ana ganin abin kamar wasa. Bai dace a ce abin da aka sha wuya haka a kansa ya salwanta saboda rashin mai riƙon jariri na awa biyu ba. Ƙa'idojin da hukumar INEC ta yi aiki da su a 2019 da 2023 sun ce a ba mai ciki da mai goyo da tsoho da mai naƙasa damar wucewa gaba a layi. Saboda haka mai goyo ta saɓa ɗanta ta tafi, ta yi wa ma'aikacin zaɓe magana cikin ladabi ya shigar da ita. Ƙananan yara kuwa, waɗanda suka wuce goyo amma ba su iya jure rana ba, sai a yi karɓa-karɓa, maigida ya je da fari ya dawo ya zauna da su, ko matan gida ɗaya su raba kansu kashi biyu. Idan kuma za a tafi da manyan yara kallo, kada a ware 'ya'ya mata, domin yarinyar da ta ga uwarta ta jefa ƙuri'a ba za ta yarda a hana ta tata ba.

To, a nan ne kuma tilas a ja kunne. Akwai masu kai yaro rumfar zaɓe da wata manufa dabam. A watan Fabrairu na 2018, lokacin zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano, hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a sun bazu ko'ina cikin ƙasar nan. Gwamnatin jihar ta musanta, hukumar INEC kuma ta ce ba ita ta gudanar da zaɓen ba, hukumar jiha ce, ta kuma kafa kwamitin bincike. Amma ɓarnar ta riga ta auku. Tun daga sa'an nan, da zarar an bayyana ƙuri'un wata jihar Arewa, sai a ji ana cewa ai na yara ne. Wa yake shan wannan gori? Mai shayi ne a Obalende, da mai gadi a Ikeja, da mai tumatir a Mile 12, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Duk wanda ya ƙara wa yaro shekaru don ya karɓi katin zaɓe, ko ya miƙa masa katin wani, ya yi laifi a gaban doka, ya kuma cuci yaron. Ya koya masa tun yana ɗanye cewa ƙarya da sata halal ne in dai don siyasa ne. Abin lura kuma shi ne ɗan siyasar da ke raba wa yara kuɗi don su yi wannan aiki ba ya sa nasa ɗan a layi, sai almajiri da ɗan talaka. Na'urar BVAS da aka yi aiki da ita a duk ƙasa a 2023, mai duba yatsa da fuska, ta sa amfani da katin wani ya yi wuya ƙwarai, amma na'ura ba za ta yi aikin da ya kamata uba ya yi ba. A Kudu musamman, inda ido yake kan baƙo, yaro ɗaya da aka kama da katin da bai cancanta ba ya isa ya jawo wa unguwa guda fitina.

Game da tsaro kuwa, babu mai hankalin da zai ce a kai yaro kowace rumfa. Tarihin zaɓe a Kudu yana da nasa tabon. An ga ƙone-ƙone a Jihar Yamma bayan zaɓen 1965. An ga abin da ya auku a Akure cikin Agusta na 1983, da hukumar FEDECO ta ce Omoboriowo ya ka da Gwamna Ajasin, aka ƙone gidaje aka rasa rayuka. A 2019 'yan banga sun ƙone takardun ƙuri'a a Okota cikin Ikko, kuma a 2023 an yi ta kukan tsoratar da masu zaɓe a waɗansu unguwannin birnin. Uba ya fi kowa sanin rumfarsa. Idan wuri ne da aka saba tashin hankali, ko an kwana ana jin ƙishin-ƙishin, to, yaro ya zauna a gida, rigakafi ya fi magani. Idan kuwa rumfa ce ta unguwa da kowa ya san kowa, kamar yadda mafi yawansu suke, babu laifi a je da shi.

In za a je, akwai abubuwan kiyayewa. Yaron da ya fi amfana shi ne mai shekara 10 zuwa 17, wanda zai iya tambaya ya gane amsa. A fita da sassafe, domin a 2023 ƙarfe takwas da rabi aka sa za a buɗe rumfuna, kuma safiya ta fi lafiya. Tun da yake akan hana motoci yawo ranar, a ƙafa za a je, sai a riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa. Kada a sa wa yaro hula ko riga mai alamar jam'iyya, domin dokar zaɓe ta 2022 ta hana nuna irin wannan alama ko neman ƙuri'a a cikin tazarar mita 300 daga rumfa. In an zo wurin dangwalawa, yaro ya tsaya a waje, ban da na goye. Ƙuri'a asiri ce, kuma bakin yaro ba ya da marfi. Mutumin da ke zaman haya a cikin baƙin gari bai kamata ya wayi gari duk layi sun san wanda ya zaɓa ba. Da an gama kuma a mai da yaro gida. Lokacin ƙirga ƙuri'a da yamma shi ne lokacin da rai yake ɓaci, wannan zaman manya ne.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gaban sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi. Su ne jama'a ke jin maganarsu. Ya kamata tun kafin lokaci ya ƙure su riƙa tuna wa mutane su komo da rajistarsu inda suke zaune, su tsara yadda mata za su fita ba tare da an bar yara su kaɗai ba, su kuma faɗa a fili cewa duk wanda ya zo unguwa neman yara don su dangwala masa ƙuri'a ba masoyin unguwar ba ne. Yaron da yake da shekara 14 a yau, nan da shekara huɗu shi ne mai kati a hannu, kuma abin da ya ga iyayensa suna yi shi zai yi. Allah ya shirya zuri'a, ya ba ƙasar nan zaman lafiya.