Garin Neman Ƙiba Kada A Samo Rama: Kiwon Turka A Ƙasar Gwiwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Gwiwa da maƙwabtanta, wato Roni da Kazaure da Ɓaɓura, da wuya a shiga gida a fita ba a ga turke ba. Da zarar an kawar da amfanin gona, magidanci yakan turke ɗan bijimi, uwargida kuma ta sayi rago ɗaya ko biyu da kuɗin adashi, a yi ta ba su harawa da dusa har wata uku ko huɗu, sannan a kai su kara gabanin Babbar Sallah. Daga kuɗin wannan dabba ake fitar da kayan ɗakin 'ya, da kuɗin makarantar yara, da takin damina mai zuwa. Saboda haka mutuwar rago guda a turke tana iya rushe lissafin shekara ɗungurungum.

Abin takaici shi ne, asara mai yawa da ake ɗora wa rashin sa'a, gaggawa ce ke jawo ta. Mai turka yana so ya ga ƙiba tun daga ranar da ya kawo dabba gida, sai ya haɗa ta da na gida nan take, ya cika mata kwano da dusa, ya kuma sa a yi mata allura ba tare da an san abin da ke damun ta ba. Ilimin halittu kuwa yana nuna cewa makonni uku na farko na lafiya ne. Wanda ya ba lafiya waɗannan makonni, ƙiba za ta biyo baya. Wanda ya tsallake su, shi ne wanda masu iya magana suka ce garin neman ƙiba ya samo rama.

Daga Kara Zuwa Gida

Dabbobin da ake turkewa a wannan yanki akasari daga manyan kasuwanni suke fitowa, kamar Maigatari mai ci ranar Alhamis, da Mai'aduwa, da Ɗambatta. A irin waɗannan wurare tumakin Uda da Balami da 'Yankasa, da shanu Bunaji da Rahaji, daga garkuna daban-daban na Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, suke yini a cakuɗe, suna shaƙar numfashin juna bayan doguwar tafiya cikin yunwa da ƙishirwa. Gajiya tana raunana garkuwar jiki, cunkoso kuma yana sauƙaƙa yaɗuwar cuta.

Babbar barazana ga tumaki da awaki ita ce cutar nan mai haɗa zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda masana ke kira PPR. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, dangin ƙwayar ƙyanda ta mutane. An fara bayanin ta a ƙasar Kwaddibuwa a shekarar 1942, kuma idan ta faɗa cikin garken da ba a yi wa riga-kafi ba tana iya kashe fiye da rabinsa, musamman awaki. Abin lura shi ne, daga lokacin da dabba ta kamu zuwa bayyanar alamu yawanci kwana 4 zuwa 6 ne, wani lokaci ma fiye. Ke nan ragon da ya yi kyau a hannun dillali yana iya kasancewa ɗauke da cutar, mai saye bai sani ba, mai sayarwa ma bai sani ba. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ɗauki kwana 21 a matsayin iyakar wannan lokaci na ɓuya, kuma daga nan ne lissafin makonni uku ya samo asali.

Don haka sabuwar dabba tana bukatar turkenta daban, nesa da na gida, da kwanon cinta da na shanta. A riƙa auna zafin jikinta da ma'aunin zafi irin na asibiti. Rago mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da 40, sa kuma tsakanin 38 da 39.5. A lura da tuƙarta, da kashinta, da numfashinta. Ga shanu, ya kamata a san cewa ciwon huhu yana iya ɓuya har wata shida, saboda haka killacewar makonni uku ba ta wadatar a kansa, dole a haɗa da allurar riga-kafi da kuma guje wa duk san da aka ji yana tari a kasuwa, komai arhar sa.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Tumbi

Duk ɗalibin da ya karanci narkewar abinci ya san cewa cikin saniya da tunkiya ɗaki huɗu ne, mafi girma shi ne tumbi, wanda a jikin babban sa yake iya ɗaukar fiye da lita 100. Dabbar ba ta da sinadarin da ke narkar da zaren ciyawa. Ƙananan halittu ne da ke zaune a tumbi suke yi mata wannan aiki, kuma a cikin mililita ɗaya na ruwan tumbi akwai bakteriya kimanin biliyan 10. Su ke ruɓar da harawa su mai da ita sinadaran da jini ke ɗauka ya gina tsoka da kitse. Haƙiƙa mai turka waɗannan halittu yake ciyarwa, su kuma su ciyar da ragonsa.

Dabbar da ta taso a jeji tana cin ciyawa da karmami, halittun tumbinta masu cin zare ne. Idan aka wayi gari aka cika ta da dusa mai gari, ko tsakin masara, ko ragowar tuwo da fura, sai wasu bakteriya masu son sitaci su hayayyafa cikin sa'o'i kaɗan, su cika tumbin da tsami. A ma'aunin tsami da ake kira pH, tumbi mai lafiya yana tsakanin 6 da 7. Idan ya sauka ƙasa da 5.5 masu cin zare sun fara mutuwa, idan kuwa ya gangara ƙasa da 5 tumbi yakan daina motsi, dabba ta bar tuƙa, ta yi zawo mai tsami, ta kwanta. Wadda ta tsira ma takan yi makonni tana rama, wata kuma ta sami ɗingishi. Halittun tumbi suna bukatar mako biyu zuwa uku kafin su saba da sabon abinci. Hanyar da ta dace ita ce a fara da harawa da busasshiyar ciyawa, a sa dusa ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali duk bayan 'yan kwanaki, kuma kada a taɓa janye harawa gaba ɗaya.

Akwai wata illa ta yawan dusa da ta fi shafar raguna. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam ɗinta kaɗan ne, alhali jikin rago yana bukatar kalsiyam ya ninka fosfaras kamar sau biyu. Idan ma'aunin ya karkace, sai tsakuwa ta taru a mafitsara ta toshe hanyar fitsari, wadda a jikin rago siririya ce mai lanƙwasa. Sai a ga rago yana nishi, yana yunƙuri, fitsari ba ya fita. Harawar gyaɗa da ta wake, waɗanda ake samu a gonakin wannan yanki, suna da kalsiyam mai yawa, saboda haka su ne maganin wannan karkata, tare da ɗan gishiri da wadataccen ruwa. Batun ruwa ya ƙara muhimmanci a 'yan shekarun nan: a 2024 da 2025 an yi Babbar Sallah a watan Yuni, wato turka ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da babban sa ke iya shan lita 40 ko fiye a yini.

Masu Cin Rabon Dabba

Dabbar da ke ɗauke da tsutsar ciki, rabin abin da ake zuba mata wasu ke ci. Akwai wata siririyar tsutsa mai suna Haemonchus contortus da ke manne wa bangon cikin tumaki tana shan jini. Guda ɗaya tana zuƙar kimanin kashi ɗaya cikin ashirin na mililita a yini, ke nan guda 1,000 suna raba rago da mililita 50 na jini kullum. Ana gane wannan idan aka ja fatar ido ta ƙasa: ja alamar lafiya ce, fari-fari alamar ƙarancin jini, wani lokaci kuma akan ga kumburi a ƙarƙashin haɓa. Dabbobin da suka yi kiwo a fadama ko bakin dam kuma sukan ɗauko tsutsar hanta, wadda ke bi ta jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa. Maganin wannan ba lallai ya zama maganin waccan ba. Alal misali, ibamektin shi kaɗai ba ya kashe tsutsar hanta. Bugu da ƙari, ana auna magani ne da nauyin dabba, kuma ba da ƙasa da ƙima yana barin tsutsotsi masu juriya su hayayyafa.

Allurar Kasuwa

Kowace kara tana da masu talla da kwalabe a faranti cikin rana, kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa allura ita ce kiwo. Maganin kashe bakteriya irin su oksitetirasaikilin ba ya taɓa ƙwayar bairos, saboda haka ba ya warkar da PPR. Shi kuwa dekzametason da wasu ke bayarwa don dabba ta cika ido, yana danne garkuwar jiki, yana kuma sa mai tsohon ciki ta yi ɓari. Sirinji ɗaya da ake yawo da shi daga dabba zuwa dabba shi ma hanyar cuta ne.

Illar ba ta tsaya ga dabba ba. Kowane magani yana da wa'adin da za a jira kafin a yanka, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Ga oksitetirasaikilin mai daɗewa a jiki, yawanci mako uku zuwa huɗu ne. Ragon da aka yi wa allura ana jibi Sallah, iyali za su ci maganin a cikin namansa. Yawan amfani da irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, ga mutum ko ga dabba, shi ke haifar da bakteriya masu bijire wa magani, waɗanda aka ƙiyasta sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019. Daɗin daɗawa, layya ba ta inganta da dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana, kuma rufe ciwo da allura don a sayar ha'inci ne ga mai saye.

Hujjar Masu Gaggawa

Mai turka zai iya cewa makonni uku kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na lokacin kiwo, ga tsadar abinci, ga malamin dabbobi yana nesa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai dabba ba ta zama banza a waɗannan makonni, tana cin harawa, tana maido da ƙarfin da ta rasa a hanya, kuma harawa ta fi dusa sauƙi ga manomin da ya tanade ta daga gonarsa. Abin da ake bukata shi ne a saya da wuri.

Matsalar riga-kafi ita ce ta fi gaskiya. Kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, tana son sanyi, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa sai a ƙarar da ita cikin 'yan sa'o'i. Mai rago biyu ba zai iya sayen ta shi kaɗai ba, amma unguwa guda za ta iya. Idan masu turka na ƙauye suka tsai da rana ɗaya ta hannun mai unguwa suka gayyato malamin dabbobi, kuɗin da zai faɗa wa kowa kaɗan ne. Allurar PPR sau ɗaya tana ba da kariya ta aƙalla shekara uku, kuma irin ƙwayar da aka fi amfani da ita a duniya wajen yin allurar daga Nijeriya aka samo ta a 1975. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana sarrafa wannan allura da ta ciwon huhu.

Tarihi ya nuna abin da riga-kafi ke iyawa. Bushiya ta kusan ƙarar da shanun ƙasar Hausa a wajajen 1890, ta kuma dawo da ƙarfi a 1983, amma ta hanyar allura aka kawar da ita daga doron ƙasa baki ɗaya, aka yi shela a 2011. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Abidjan suka sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da PPR. Ba za a cim ma wannan ba muddin tumakin da ke turke a bayan ɗaki ba su shiga lissafi ba.

Kammalawa

Ya kamata gangamin riga-kafi na gwamnati, wanda ya fi karkata ga garkunan makiyaya, ya riƙa shiga cikin gidaje, tun da mata ne ke riƙe da kaso mai yawa na tumaki da awaki. Kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 zai yi ma'ana ga mutumin Gwiwa ne ranar da ya sami malamin dabbobi da firjin ajiye allura kusa da shi, da kuma mai duba dabbobi a ƙofar kara.

Makarantu ma suna da nasu rabon. Malamin ilimin halittu ko na aikin gona zai iya karɓo tumbi da hanta daga mahauta ya nuna wa ɗalibai abin da suke karantawa a littafi. Ɗalibin sakandare kuma shi ne mai karatu a gidaje da yawa. Zai iya karanta wa mahaifiyarsa wa'adin da ke jikin kwalba, ya auna zafin rago, ya duba idonsa, ya buɗe ɗan littafi ya rubuta ranar saye da ranar allura da mudun dusar da aka bayar kullum. Idan Sallah ta wuce, wannan littafi ne zai nuna ko an ci riba, da kuma abin da za a gyara kafin a sake ɗaura wata dabbar.