Shirun Waya Ba Lafiya Ba Ne: Batir, Bluetooth Da Na'urorin Auna Sukarin Jini

A ranar 5 ga watan Fabrairun 2025, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fitar da gargaɗi ga masu ciwon sukari da ke jiran ƙararrawar na'urorinsu ta wayar salula. Hukumar ta ce ta samu rahotannin mutanen da suka saita ƙararrawa suka saki jiki, sai sukari ya faɗi ko ya hau waya ba ta yi ƙara ba, ko ta yi ba wanda ya ji. Ta ce mai yiwuwa hakan na da hannu a munanan raunuka da aka samu, har da rasa rai.

Duk da cewa a Amurka aka yi gargaɗin, ya shafe ku idan ku ko ɗanku kuna amfani da na'urar nan da ake mannawa a damtse tana auna sukari dare da rana. Yanzu ana samunta a manyan kantunan magani na biranenmu, wasu kuma 'yan'uwa ne ke aiko musu daga waje. Na'ura ce mai amfani ƙwarai, musamman ga masu allurar insulin. Sai dai tsakaninta da wayarku akwai wata igiya da ba a gani, wadda takan tsinke, kuma tattalin batir na cikin dalilan tsinkewar.

Me ya sa na'urar ba ta magana da waya a kowane lokaci?

Na'urar damtse faɗinta bai wuce na kwabo ba. A ƙarƙashinta akwai wani siririn zare da ke shiga fata yana auna sukarin da ke cikin ruwan jiki. A cikinta kuma akwai ɗan mitsitsin batir da aka rufe ruf, ba a cajinsa, ba a canza shi. Wannan batir ne zai riƙe na'urar har ƙarshen wa'adinta: kwana 10 ga Dexcom G7 na asali, kwana 14 ga FreeStyle Libre 2 da Libre 3.

Aika saƙo ta iska na cikin abubuwan da suka fi cin wuta a irin wannan na'ura. Da za a bar ta tana magana da waya ba tsayawa, da batirin ya mutu tun kafin wa'adi. Saboda haka ake amfani da nau'in Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, wanda ya fito a 2010. Dabararsa ita ce barci. Na'urar takan farka na ɗan ƙiftawar ido, ta aika sakamako, ta koma barci. Dexcom na aikawa duk bayan minti 5, Libre 3 kuma duk bayan minti 1.

Ku ɗauke ta kamar yaron da aka aika da saƙo, aka ce ya yi sallama sau ɗaya a ƙofar zaure, a hankali, idan ba a amsa ba ya tafi ya dawo an jima. Idan maigida na kusa, saƙo ya isa. Idan yana can cikin gida ko barci ya ɗauke shi, yaro zai yi ta zuwa yana komawa, ba wanda ya san da shi.

Masu ƙera na'urar abu uku suke aunawa: sau nawa za ta yi magana, da wane ƙarfi, da kuma sau nawa za ta sake gwadawa idan waya ba ta amsa ba. Duk wanda aka ƙara a cikin ukun nan, haɗin zai ƙara inganci, batir kuma zai ƙara saurin ƙarewa. Shi ya sa zangonta gajere ne, mita 6 zuwa 10 gwargwadon samfuri, shi ma a inda ba shamaki. Bango na rage shi. Jikin mutum ma na rage shi sosai, domin ruwa na shanye irin wannan siginal, jikinmu kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Wanda ya kwanta ya danne damtsen da na'urar take, wayarsa kuma tana caji a falo, zai iya kwana ba haɗi.

Wannan lissafi bai tsaya kan masu sukari ba. Sababbin na'urorin daidaita bugun zuciya da ake dasawa a ƙirji, wasunsu na aika bayani ta waya, amma jefi-jefi, domin batirinsu sai ya kai kimanin shekara 10, kuma canza shi sai da tiyata. Masu na'urar ƙara ji a kunne ma sun san cewa ranar da suka daɗe suna amsa kira ta cikinta, batir ba ya jimawa.

Idan magana ta yi yawa ma akwai haɗari

Wani zai ce to a ƙara yawan maganar mana, ko me zai ci. Abin da ya faru a 2024 ya nuna inda hakan kan kai. Kamfanin Tandem na Amurka yana ƙera na'urar tura insulin mai suna t:slim X2, wadda ake haɗawa da waya. Wani samfurin manhajarsa ta iPhone ya zo da matsala: manhajar ta mutu, waya ta sake tayar da ita, ta sake mutuwa, haka dai. Duk tashin da ta yi sai ta nemi na'urar ta Bluetooth. Yawan kiran nan ya riƙa zuƙe batirin na'urar har ta mutu kafin lokaci, insulin ya daina shiga jiki. FDA ta sa wannan kiranye a mataki mafi tsanani, kuma zuwa tsakiyar Afrilun shekarar an samu rahoton mutum 224 da abin ya yi wa illa.

Kun ga ke nan, gefe biyu ne. A yi tattali fiye da kima, saƙo ya ɓata. A yi sakaci da tattalin, batir ya mutu. Masu ƙerawa a tsakiya suke tsayawa, kuma tsakiyar nan tana nufin cewa wani lokaci haɗi zai yanke ko da na'urarku lafiyarta ƙalau.

Ɓangaren da ke hannunku: batirin waya

Ba ku da iko a kan batirin na'urar damtse, amma kuna da iko a kan waya, wadda ita ma tattalin nata take yi. Tun daga 2015 wayoyin Android ke da tsarin da ake kira Doze, wanda ke rage ayyukan manhajoji idan an ajiye waya ba a taɓa ta ba. Kamfanonin waya irin su Tecno, Infinix, itel da Samsung kowanne ya ɗora nasa tsarin tattalin a kai. Waya ba ta san bambancin manhajar wasa da manhajar da ke gadin ran yaro ba. Idan ta ga manhaja na aiki a ɓoye, tana iya sa ta barci, kuma dare ne lokacin da aka fi ajiye waya, shi ne kuma lokacin da faɗuwar sukari ta fi haɗari domin mutum na barci.

FDA ta lissafa wasu dalilan: saitin “kar a dame ni”, rashin ba manhaja izinin aiko sanarwa, sabunta tsarin waya zuwa samfurin da manhajar ba ta dace da shi ba, da haɗa waya da iyafis ko rediyon mota, wanda kan canza ƙarfin sauti ko inda sautin ke fita.

Mu nan muna da ƙarin dalili, wato wutar lantarki. Wanda bai san yaushe za a kawo wuta ba, dole ya riƙa lallaɓa cajinsa: ya kunna saitin tattalin batir, ya kashe Bluetooth, ya share duk manhajojin da ke buɗe, ko ya kai waya wurin mai caji ya bar ta awa biyu. Ba mu manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Waɗannan dabaru daidai suke ga kowa, amma ga mai na'urar sukari kowace ɗaya tana rufe bakin ƙararrawa.

Wata uwa ta taɓa kawo mini ɗiyarta mai shekara tara, wadda aka tarar da asuba jiƙe da gumi, ba ta gane mutane. Uwar ta ce, “Likita, wallahi wayar ba ta yi ƙara ba.” Da muka duba, sai muka ga layin sukari ya yanke tun wajen sha biyun dare. Caji ne ya yi ƙasa, babban wan yarinyar ya kunna tattalin batir don wayar ta kai safe. Da kyakkyawar niyya ya yi. Yarinyar ta farfaɗo, alhamdu lillahi, amma ba kowa ke samun wannan sa'ar ba.

Abin da ya kamata ku yi

1. Kafin ku sayi na'ura, ku duba jerin wayoyin da kamfanin ya ce sun dace da manhajarsa. Wasu samfuran na buƙatar waya mai NFC, kuma yawancin wayoyi masu araha ba su da shi.

2. Ku shiga saitin batir, ku cire manhajar sukari daga cikin waɗanda ake taƙaita wa wuta, ku ba ta izinin aiki a ɓoye da aiko sanarwa. Idan abin ya rikice muku, ku nemi wanda ya iya waya ya yi a gabanku.

3. Kada ku share manhajar daga jerin waɗanda ke buɗe, kada kuma ku kashe Bluetooth. Irin wannan Bluetooth ɗin ba ya cin caji sosai. Hasken fuskar waya, bidiyo da data su ne manyan masu ci, su za ku rage.

4. Ku kunna ƙararrawar yankewar haɗi. A yawancin na'urori takan yi ƙara idan an kai kamar minti 20 ba saƙo. Mutane kan kashe ta don tana damunsu, alhali ita ce ke faɗa muku cewa babu mai gadi.

5. Da dare waya ta kwana kusa da mai na'urar, a ɗaki ɗaya, a gefen hannun da aka manna ta. Ku ware fawa bank guda don wannan kawai.

6. Ku kashe sabuntawar da waya ke yi da kanta. Duk lokacin da kuka sabunta waya ko kuka haɗa sabon iyafis, ku gwada ƙararrawa. FDA ta ba da shawarar a duba saitin aƙalla sau ɗaya a wata.

7. Idan kuna bibiyar sukarin ɗanku daga wata wayar, ku sani wannan sai da data a wayoyin biyu. Tsakanin na'ura da wayar da ke kusa da ita ne kawai ba a buƙatar data.

8. Kada ku yar da na'urar da ake huda yatsa da tsinkayenta. Idan haɗi ya yanke, ko abin da jiki ke ji ya saɓa da abin da waya ke nunawa, ku huda yatsa.

Sannan kowa a gidan ya san alamun faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi, bugun zuciya da sauri, yunwa, jiri, rikicewa ko canjin hali. Idan awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, a ba mutum ƙananan cokula uku zuwa huɗu na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.

Idan za ku zo ganin likita, ku taho da wayar. Giɓin da ke cikin layin sukari na nuna mana lokutan da haɗi ke yankewa, daga nan sai mu gano tare ko nisa ne, ko kwanciya, ko saitin waya. A daren yau, kafin ku kwanta, ku buɗe manhajar ku duba lokacin da sakamako na ƙarshe ya shigo. Idan ya wuce 'yan mintuna, ku gyara haɗin kafin ku rufe ido.