Kafin a Kira Mutum Dokta

Duk wanda ya taɓa halartar ranar da ɗalibi ke kare kundinsa na digirin dokta ya san yadda abin yake. Zaure ya cika maƙil. Iyaye sun taso tun daga ƙauye, wasu kwana biyu bisa hanya, mata sun yi anko, abinci yana jira a waje. Malamai biyar ko shida suna zaune a jere cikin rigunan jami'a, ɗalibi yana tsaye gabansu yana bayani da Faransanci. Uwar da ta haife shi ba ta jin ko kalma guda, fuskokin malaman take kallo don ta gane inda aka dosa. Bayan awa uku ko huɗu malaman su keɓe, su komo, kowa ya miƙe tsaye, a karanta hukunci, sai guɗa. Wannan rana ce ƴan lakwal ke kira sutunansi.

Murnar iyaye halal ce, sun sha wahalarta. Amma muna son jawo hankalin masu karatu, musamman magabatan ilimi mai zurfi, bisa abin da ke wakana kafin wannan rana, domin a can ne ainihin jarrabawar take. Ra'ayinmu shi ne, dokokin ajiye kundi da kare shi su zama a rubuce, kowa ya san su, kuma su ɗaure malami da biro kamar yadda suka ɗaure ɗalibi.

Bari mu fara da bayanin digirin kansa. Bisa tsarin da ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka amince da shi cikin shekara ta 2007, bayan bak ɗalibi yana yin shekara 3 ya samu lisansi, ya ƙara 2 ya samu mastar, sa'an nan ya ƙara aƙalla 3 yana bincike kafin doktora. Wannan dabam yake da kundin da likitoci ke karewa a ƙarshen karatunsu don su fara duba marasa lafiya. Abin da ake nema ga mai doktora shi ne ya zo da sanin da ba a da shi a da, ya kuma nuna hanyar da ya bi, ta yadda wani zai iya bin sawunsa ya tabbatar. Gobe shi ne zai koyar da waɗanda za su koyar da ƴaƴanmu, shi ne gwamnati za ta tambaya wane irin hatsi ya dace da ƙasar da damina ta gajarta. In an ba da digirin ga wanda bai cancanta ba, ɓarnar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba.

Jami'armu ta farko ta soma a Yamai cikin 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a cikin 1973, kuma cikin 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin hasken rana, haifaffen Tasawa, wanda ya taɓa shugabantar ta. Tsarin kare kundi da muke bi daga Faransa muka gado shi, saboda haka yana da amfani mu duba inda dokarsu ta kai. Dokar da suka kafa cikin watan Mayu na 2016 ta ce a ajiye kundi wata guda kafin ranar karewa. Manyan malamai biyu, waɗanda ba su da hannu cikin aikin kuma bisa ƙa'ida ba na jami'ar ɗalibin ba ne, su karanta shi, su ba da ra'ayinsu a rubuce aƙalla kwana 14 kafin ranar. Sai da rahotonsu shugaban jami'a ke ba da izini. Alƙalan da za su zauna kada su kasa 4, kada su wuce 8, rabinsu aƙalla baƙi ne daga waje. Malamin da ya jagoranci ɗalibin yana zama tare da su, amma ba ya sa baki cikin hukunci. Ana yin zaman a bainar jama'a, sai fa in binciken ya ƙunshi asirin da ya wajaba a tsare.

Babu ɗaya cikin waɗannan sharuɗɗa da aka sa don ado. Malamin da ya yi shekara huɗu yana gyara aikin yaro ya zama kamar uba gare shi, nasarar yaron tasa ce, faɗuwarsa kuma abin kunyarsa ne, to ta yaya zai zama alƙali? Kowa ya san kasuwa: ba a barin mai hatsi shi kaɗai da tiya. Kuma in tiyar Maraɗi ta bambanta da ta Tawa, amana ta fita daga ciniki. Dalilin ke nan da ya sa shugabannin ƙasashenmu, a taronsu na Yamai cikin 1968, suka kafa hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, domin digiri da muƙamin malamin jami'a su zama awo guda daga Dakar har Yamai. Baƙon malami da aka gayyato daga Kwatano ko Lome, wanda bai san dangin ɗalibi ba, ba ya kuma jin nauyin abokin aikinsa, shi ne mai tsaron wannan awo.

Sai dai doka tana iya cutarwa ta inda ta yi shiru. A farkon shekarun 1950, Cheikh Anta Diop na ƙasar Senegal ya shirya kundi a jami'ar Sorbon ta Paris, inda ya kafa hujja cewa Masar ta Fir'auna wayewa ce ta baƙar fata. Ba a kayar da shi gaban alƙalai ba. Alƙalan ne ba a samu haɗawa ba. Ya buga aikin a matsayin littafi cikin 1954, ya sake wani binciken, sai ranar 9 ga Janairu 1960 ya samu ya tsaya gaban malamai ya karɓi digirinsa. Yau babbar jami'ar Dakar sunansa take ɗauke da shi. An rubuta wa ɗalibi wa'adi, amma ba a rubuta wa waɗanda za su saurare shi ba, kuma wanda aka hana wa zama ba ya da hukuncin da zai ɗaukaka ƙara a kansa.

Wannan giɓi ya shafe mu kai tsaye. Cikin 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, cikin 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Masu neman doktora sun yawaita, amma malamin da ya kai matsayin jagorantar kundi ko zama alƙalinsa ba a yin sa cikin shekara guda. Ga malami da azuzuwa, ga aikin biro, ga kundaye jibge bisa teburinsa. Kundin da aka gama sai ya yi watanni yana jiran mai karantawa, in an karanta kuma ya jira kuɗin jirgin baƙo. A wannan lokaci bursu ya ƙare, ɗalibin kuwa sau da yawa magidanci ne, ga mata ga yara, kuma ba ya iya neman aikin da ya yi karatu dominsa. Kunya da tsoro ba su barin sa ya matsa wa malaminsa.

Saboda haka muke kira ga majalisun jami'o'inmu da ma'aikatar ilimi mai zurfi. Ranar da ɗalibi ya ajiye kundi a ba shi takardar shaida mai kwanan wata, daga ranar kuma a soma ƙidaya wa masu karatun nasu kwanakin. Wanda ya wuce wa'adi ba da uzuri ba a maye shi da wani. In an ƙi ba da izinin karewa, a faɗi dalili a rubuce, a nuna wa ɗalibi ƙofar da zai kai kukansa. Kuɗin tafiya da masaukin alƙalai su fito daga asusun jami'a, kada ko dala ta fito daga aljihun wanda za a yi wa hukunci, domin wanda ya ci tuwonka da wuya ya dubi idonka ya ce aikinka bai yi ba. Inda kuɗi suka gaza, baƙo yana iya halarta ta intanet daga ƙasarsa.

Kada wani ya ɗauka sassauci muke roƙa wa ɗalibai. Satar rubutu ta yi sauƙi a zamanin nan, ga kuma na'urorin da ke tsara shafi ɗari cikin ɗan lokaci. Maganin abin yana bakin alƙalai: su tambayi mai kundi abin da sai wanda ya taka gonar ko ya buɗe takardun da hannunsa zai iya amsawa. A Faransa tun 2022 sabon dokta yana rantsuwar riƙon gaskiya cikin bincike bayan an karanta hukunci. Tun 2016 kuma suka daina liƙa wa digirin darajojin yabo, waɗanda mu har yanzu muke tafa wa. Yabon da kusan kowa ke samu ba ya bambanta kowa. Rahoton alƙalai, mai faɗin ƙarfin aikin da rauninsa, ya fi amfani ga wanda zai ɗauki doktan aiki.

Saura abin da ke biyo bayan guɗa. Dokar Faransa ta ba da wata 3 a yi gyaran da alƙalai suka nema, a ajiye kundi na ƙarshe. Mu ma kada a miƙa diploma sai an ga gyararren kundi a ɗakin karatu. Binciken André Salifou bisa Damagaram ta ƙarni na 19 ya fito cikin 1971, na Djibo Hamani bisa Adar kafin zuwan Turawa ya fito cikin 1975, dukansu cikin jerin littattafan Études nigériennes na Yamai, kuma saboda an buga su ne ake karanta su har yau. Kundin da ya kwana cikin akwatin mai shi kuwa, lanhon talaka ne aka kashe a banza.

Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, muna ganin lokaci ya yi da za a ƙara sharaɗi guda cikin dokar ajiye kundi: shafi biyu na taƙaitawa da Hausa, da kuma harshen mutanen da aka yi binciken a cikinsu, ko Zabarmanci ne, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Tamajak. A aika wa magajin garin wurin, da cibiyar yaƙi da jahilci, da gidan rediyon karkara. Tsohon da ya bar gonarsa ya zauna yini guda yana amsa tambayoyin ɗalibi yana da hakkin ya ji abin da aka rubuta daga bakinsa.