A Bar Katifar Soso a Gida, Ba Kayan Jirgi Ba Ce

Maganar wannan mako a kan shimfiɗa take, kuma na san tun daga take wani zai taɓe baki ya ce, duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai abin kwanciya? Mai faɗin haka a ɗaki yake kwana, ƙarƙashin kwano, ƙofa a rufe. Mu da muke gaɓar Kwara da tafkin Kainji, daga Warra zuwa Yelwan Yawuri har Shanga, muna da mutane masu yawa da darensu yake ƙarewa a cikin jirgi ko a kwata: masunta da suke yin makonni a tunga, mata masu fataucin bandan kifi, 'yan kasuwar da dare ya rutsa da su, da yaran jirgi. A wurin waɗannan bayin Allah, busasshiyar shimfiɗa ita ce bambancin wanda zai tashi da ƙarfinsa da wanda zai tashi yana rawar ɗari.

Abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman masu sayarwa. Katifar soso, 'yar siririyar nan da ake naɗewa a ɗaure da igiya, wadda ake kira ta ɗalibai, ita ce mafi munin abin da mutum zai ɗauka ya shiga jirgi da niyyar kwana. Burga ce ta yaɗa ta a bakin ruwa. An ɗauka tabarma alamar talauci ce, katifa kuwa alamar an waye. To, ruwa bai san wayayye ba.

Mu fara da sanin wurin da muke magana a kai. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya shanye tsohuwar Busa da garuruwa da tsibirai masu yawa, aka tashi mutum kimanin 44,000 aka sake masu matsuguni. Tafkin da ya samu tsawonsa ya kai wajen kilomita 136, faɗinsa a inda ya fi buɗewa kimanin kilomita 24. Kakanninmu kogi suka sani, mai gaɓa kusa, wanda in hadari ya haɗo sai a kurɗa gefe a fake. Yau akwai inda jirgi zai kai tsakiya iska ta taso, babu wurin fakewa kusa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya ci suna nan a ƙasa. Wanda zai shiga irin wannan ruwa dole kayansa su dace da shi.

Ta hanya huɗu ruwa yake zuwar wa shimfiɗa a jirgi. Ta farko daga ƙasa. Jirgin katako, kome gwanintar wanda ya haɗa shi, sai ya yi yoyo ta tsakanin katakai, shi ya sa ba ka rasa yaro da yankakkiyar jarka yana kwalfewa. Wannan ruwan gindi kuma ba zalla yake ba, akwai ƙarnin kifi a ciki da man inji. Ta biyu daga gefe, wato feshin da igiyar ruwa take watsowa in ta mari goshin jirgi. Ta uku daga sama, ruwan damina da raɓar asuba. Ta huɗu ita ce wadda kowa yake mantawa da ita: jikinka. Mai barci yana zufa ko da sanyi ake yi. Duk shimfiɗar da za a zaɓa, a tambaya yadda za ta yi da waɗannan huɗun.

Katifar soso ta faɗi a dukkansu. Jama'a, soso fa aikinsa ke nan shan ruwa, da ɗan uwansa ake wanke kwanuka. Ramukan cikinsa a buɗe suke, wannan ya shiga wancan, ruwa ya taɓa gefe ɗaya sai ya ratsa zuwa tsakiya. Mu yi lissafi. Katifa mai tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 2 da rabi, kaurin inci 3, cikinta ya ɗan haura lita 100. Ko kashi ɗaya cikin goma kawai ta sha, lita 10 ke nan, kuma kowace litar ruwa kilo 1 ce. Fasinja goma masu irin wannan katifa sun ƙara wa jirgi kilo 100, nauyin buhun siminti biyu, wanda babu wanda ya ƙirga shi lokacin lodi. Sannan ka shanya ta wuni guda, bayanta ya bushe, ka kwanta da dare cikinta ya tatso maka ruwan jiya. Bayan mako sai wari da fumfuna.

Na sha jin masu kare ta suna cewa ai ko jirgi ya kife, katifa tana tasowa, mutum zai iya rungumarta. Wannan magana ta fi katifar kanta haɗari. Gaskiya ne busasshen soso yana yawo a kan ruwa da farko. Amma da zarar ka ɗora nauyinka a kai, ka matse iskar da ke ciki, ruwa ya maye gurbinta. Abin da ka runguma don ya ɗaga ka ya koma jiƙaƙƙen tsumma. Rigar kariya ta gaskiya da wani irin soso ake yin ta, mai rufaffun ramuka, wanda ruwa ba ya shiga. Sunansu ɗaya a bakinmu, aikinsu ya sha bamban.

Wani zai ce, to in ma ta jiƙe mene ne, ai ƙasar zafi muke. Mai wannan magana bai taɓa kwana a kan ruwa cikin hunturu ba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Kuma Kwara ambaliya biyu take yi a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, sai ya iso mana tsakanin Disamba da Fabrairu. Wato lokacin da tafki yake cike, lokacin ne iskar hunturu take kaɗawa. Babba mai ƙarfi zai jure daren a jiƙe, ya wayi gari da ciwon jiki. Jaririn da ke goye da tsohuwar da ta fito fatauci fa? Sanyi ba shi ne ƙwayar cuta ba, amma yana karya jiki, ya buɗe wa tari da ciwon haƙarƙari ƙofa. Ga matuƙin da bai runtsa ba saboda ɗari, shi ne kuma zai riƙe inji da safe da rayuka a bayansa.

Akwai 'yan dabara da suke cewa leda ta raba gardama, a naɗe katifa da leda, a lulluɓa da leda. Rabin maganar daidai ne. Leda tana da kyau wajen ajiye shimfiɗa, amma ba abin kwana a ciki ba ce. Tana tare ruwan waje, tana kuma tsare zufarka, sai ka farka sharkaf ba tare da ɗigo ɗaya ya sauko daga sama ba. Ga ƙaramin yaro kuwa, leda a kusa da fuska tana iya toshe numfashi. Katifar da aka naɗe da leda ma, ƙaramar huda ɗaya ta ƙaya ko ƙugiya ta isa ruwa ya shiga, kuma in ya shiga ledar ce za ta hana shi fita.

Sai 'yan gayu, masu zuwa layin gwanjo su sayo jakar barcin nan ta Turawa mai zif, su ce ai da ita ake hawa duwatsun ƙanƙara. An yi ta ne don busasshen sanyi, cikin tanti. Wadda aka cusa wa gashin agwagwa a ciki, da ta jiƙe sai gashin ya dunƙule, ɗumin ya gudu, kuma ta daɗe ba ta bushe ba. Wadda aka cusa wa zaren roba ta fi dama-dama. Amma ku yi tunani: mutum a cikin jirgi, ya shige jaka ya ja zif har wuya, hannu da ƙafa a ɗaure. In wani abu ya faru da tsakar dare, yaushe zai kwance kansa? A kan tudu a yi amfani da ita. A kan ruwa, abin rufar da za ka yaye da shuri ɗaya shi ne naka.

To me za a ɗauka? Abu uku ne, babu mai tsada a ciki. Na farko tabarma, wadda aka raina. Ta roba ba ta shan ruwa, ka kakkaɓe ka goge ta koma yadda take. Ta kaba tana ɗan sha, amma rana da iska suna busar da ita da wuri, sharaɗinta kada a naɗe ta da danshi. Na biyu, wanda yake son laushi da kariya daga sanyin katako ya nemi soso mai rufaffun ramuka, irin na silifas, ko farin nan mai santsi da ake naɗe kayan lantarki da shi. Gwajinsa a gaban mai shago ake yi: ka kafa baki ka hura. In iska ta ratsa, ruwa ma zai ratsa, ajiye masa kayansa. Na uku bargo mara nauyi na zaren roba, wanda in an matse aka shanya yake bushewa da wuri. Bargon auduga mai kauri ɗan uwan katifa ne wajen riƙe ruwa. A haɗa da gidan sauro, a kuma bar shi a aikinsa na sauro, kada a mai da shi komar kamun ƙananan kifi.

Ɗaurin kaya shi ne rabin aikin. A sa bargo da gidan sauro da kayan sawa kala ɗaya a leda mai kauri, a matse iska, a murɗe bakinta, a lanƙwaso murɗin ya koma kansa, sannan a ɗaure da robar taya. A saka ledar cikin buhu don ya kare ta daga ƙusa da ƙaya. Kada a yi amfani da buhun da ya ɗauki maganin feshi. Kafin tafiya a danna ƙunshin cikin ruwa a bakin gaɓa. In kumfa ya taso akwai huda. A cikin jirgi kada a jefa shi ƙasa inda ruwan gindi yake kwanciya, a ɗora a kan katakon zama ko a kan gora. Tamfol kuma rumfa ake yi da shi a bar gefe a buɗe iska ta wuce. Da safe a shanya kafin a naɗe. Wannan duk masunta na gaske sun san shi, mu 'yan boko da 'yan kasuwar zamani ne muka zo muna yi masu dariya da katifa a ka.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ta wuce ta kwanciya. Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja zuwa Warra ya tarwatse da mutum sama da 150 a ciki, waɗanda aka ceto da rai kimanin ashirin ne kacal. Allah Ya jiƙansu. Ba katifa ce ta nutsar da shi ba, kada wani ya juya mini magana. Lodin da ya wuce ƙarfinsa aka fi ɗora wa laifi. Amma darasin da ya bar mana shi ne kowane kilo a jirgi abin lissafi ne, har wanda ya shigo a ɓoye cikin soso.

Darasi na biyu ya shafi dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana zirga-zirgar jirage da dare, kuma hanin yana kan hanya, domin kututture ba ya ganuwa a duhu. Amma wa yake matsa wa matuƙi ya tashi bayan magariba? Sau da yawa fasinja ne. Macen da ta gama cin kasuwa da yamma, ga goyo, ga hadari, ba ta da busasshen wurin da za ta sa haƙarƙarinta, me za ta zaɓa? Za ta ce a tafi, Allah Ya tsare. Wadda ta san tana da tabarma da bargo a bushe cikin buhu, da rumfar da za ta shiga, ita ce mai iya cewa mu kwana, gobe ma rana ce. Dokar hana tafiyar dare ba za ta zauna da gindinta ba sai kwana a kwata ya zama abin da mutum zai iya jurewa.

Masu cewa in ajali ya yi babu makawa, ba mu musa ba. Amma su ma suna kulle shagonsu da kwaɗo in za su tafi gida. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Don haka kirana ga mutum huɗu ne. Fasinja, ka bar katifarka a kan gadonka, can ne take da daraja. Shugabannin 'yan jirgi, kamar yadda kuke duba buhu da babur lokacin lodi, ku riƙa duba naɗin soso, ku hana a jefa shi a gindin jirgi. Masu ɗinkin tamfol na Yelwa da Warra, da kuke yi wa motoci da Keke Napep rufi, ga kasuwa a gabanku: jaka mai dogon wuya da za a naɗe bakinta sau uku a ɗaure, daidai shigar bargo da gidan sauro. Ƙananan hukumomin Ngaski da Yawuri da Shanga, tare da HYPPADEC da ta riga ta raba rigunan kariya a yankunan ruwa, a gina rumfuna masu daɓen siminti da ya ɗaga sama a manyan kwatoci, ɓangaren mata daban. Kuɗin rumfa ɗaya bai kai asarar jirgi ɗaya ba, balle rai.

Wanda yake ganin na zalunci katifa, fili a buɗe yake. Amma kafin ya ba ni amsa, ya yanko ɗan guntun soso, ya tsoma a bokiti, ya matse, ya ga abin da zai zubo. Allah Ya tsare matafiyanmu na ruwa da na tudu, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.